Rufin Shagon Maigidana

Maigidana kafinta ne. Da aka kawo ni gidansa a Dogarawa daga ƙauyenmu na wajen Illela, Illelarmu ta hanyar Tawa ba ta ƙetaren iyaka ba, na tarar da shi yana aiki a ƙarƙashin wata rumfar zana a ƙofar gida. A nan yake yin ƙofofi da tagogi, da bencin masu shayi, da teburan ƴan makarantar lakwal, da gadajen amare idan kaka ta yi. Kayan aikinsa zarto ne da guduma da wani abin goge fuskar katako da suke ce wa rabo, duk na hannu. Ina jin ƙarar zarton nan na haifi ƴaƴana, ina jin ta na aurar da su. Mata Allah ya ba mu, don haka babu wanda ya gaji sana'ar.

Rumfar ba ta tare ruwa. Da hadari ya haɗo sai ya kwaɗa mini kira, mu yi ta kwasar katako muna turawa ɗakina, har in rasa inda zan shimfiɗa sallaya. Wanda ya kwana a ƙasa kuma gara ta same shi.

"Malam, wai ɗakin nan nawa ne ko na katako?" in ji ni.

Sai ya yi dariya. "Ki yi haƙuri, uwargida. Wata rana zan gina shago na bulo, in rufe shi da kwano, in sa mishi ƙofa mai kwaɗo. Sai kin yi kewar katakon nan."

Yana faɗin haka har gemunsa ya yi fari.

Sai wata shekara wake ya yi kyau a gonarmu, kyau irin wanda ba mu saba gani ba. Ya sayar da waken, ni kuma na ba shi ragunan da na yi kiwo. Aka kawo siminti daga Malbaza, aka buga bulo, magina suka tayar da bango huɗu a gefen rumfar, da gurbin ƙofa da na taga. Ya tafi Konni ya dawo da injin yankan katako wanda wani ya riga ya mora, da ƙaramin gurup da zai ba shi wuta. Maƙwabta suka taru suna kallo, suna cewa ya tashe shi su ji. Ya ƙi.

"Ba ni tashe shi cikin rana. Sai ya shiga ɗakinshi," in ji shi.

Ya ajiye injin a ɗakina, ya lulluɓe shi da wani tsohon zanena. Kullum da safe sai ya ɗaga zanen ya leƙa, kamar mai duba jariri. Abin da ya rage rufi ne kawai: dogayen katakon da za su ɗauki kwano, da kwanon, da ƙusa, da falankin da zai yi sabon teburin aiki. Ya sa ranar da zai koma Konni ya sayo su.

Ana gobe tafiyar, da hantsi, yana zaune a tabarma yana shan kunu, yana gaya mini inda zai kafa teburin don haske ya riƙa faɗo masa ta hagu. Sai ludayin ya faɗi daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne aka ajiye masa a cinya. Ya ɗago zai yi mini magana, na ga bakinsa ya karkace.

Ƙanensa direban taksi ne tsakanin garinmu da Konni, Direba nake ce masa. Shi ya ɗauke mu zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Muka yi kwanaki can, aka sallame mu da magani. Ya dawo gida da ransa, amma hannun dama da ƙafar dama ba su dawo tare da shi ba, maganarsa kuma ta koma kamar ta wanda ya cika baki da tuwo mai zafi. Masu zuwa dubiya sai su yi ta gyaɗa kai suna cewa "Haka ne, haka ne," alhali ba su ji komai ba. Yana gane hakan. Sai ya daina magana idan akwai baƙi, ya juya fuska bango. Ni kaɗai ce a hankali kunnena ya saba, har na fara tsinto kalmomin.

Zafi ya yi zafi, damina ta matso. Wata rana da azahar ya kira ni da hannun hagu, ya ce, "Kwano."

Na kawo masa kwanon abincinsa. Ya ture. Na kawo na ruwa, ya ture har ruwan ya zube a tabarma. Ransa ya ɓaci, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya miƙa hannu yana nuna waje, ta saman katanga, inda kan bangon shagon yake leƙowa tsirara.

"Kwanon rufi, Malam?"

Ya rufe ido, ya gyaɗa kai.

Da na gaya wa Direba, sai ya ja ni zaure don kada yayansa ya ji.

"Matar Yaya, mi za a yi da shago yanzu? Wa zai yi aiki cikinshi? Ni a ganina a saida injin nan, a ci gaba da magani."

"Ni ma na yi wannan tunanin," na ce. "Amma tun da ya kwanta bai roƙe ni komi ba sai wannan."

Ya daɗe yana wasa da makullin motarsa. Daga baya ya ce, "To, wa zai zaɓi katakon? Ni taya na sani da inji. In na kwaso mishi karkatacce, kin san halin Yaya."

Na ce ni zan je.

Sai maigidana ya shiga koya mini abin da na yi shekaru ina gani ban taɓa kula ba. Ya sa na jawo tsofaffin katako biyu daga rumfa. Ya nuna mini in ɗaga kan ɗaya, in sa ido a bakinsa, in bi tsawonsa da kallo har ƙarshe, in ga ko ya lanƙwashe. Wanda ya cika nauyi ɗanye ne, zai murɗe idan ya bushe. Wanda yake da ƙananan huji yana zubar da gari, ƙwaro ya riga mu. Jan katako na rufi ne, farin na tebur. Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, gumi yana keto masa. In na gane, sai ya buga tabarma da tafin hannu. In ban gane ba, sai mu sake daga farko. Ya sa ni da Direba muka gwada faɗin shagon da igiya, muka yanke ta daidai, na naɗe ta na sa a jaka.

Na sha zuwa Konni, biki ko sayen kayan ɗakin ƴaƴana, amma ban taɓa taka layin masu katako ba. Muka ratsa ta cikin ƴan kabu-kabu da manyan motoci masu jiran ƙetarawa, da ƴan canji riƙe da damin naira suna kiran mutane. Da muka shiga layin sai warin katako ya buge ni, warin rigar maigidana idan ya shigo cin abincin rana. Babu mace ko ɗaya a wurin sai mai sayar da fura. Na gyara lulluɓina na bi bayan Direba.

Mai katakon da maigidana yake hulɗa da shi wani dattijo ne, Alhaji, wanda iyayensa suka zo daga Sakkwato. Direba ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, wannan iyalin yayana ce, kafintan Dogarawa."

"A'a, sannu da zuwa, Hajiya. Ina mutumin nawa? Ya ce mini shina nan dawowa, na yi ta zuba ido. Ko ya samu wani mai katakon ne ya yashe ni?"

Direba ne ya gaya masa. Alhaji ya yi salati, ya koma kan bencinsa ya zauna, ya cire hula ya riƙe a hannu. Can sai ya tashi ya ce in biyo shi. Ya kai ni can ƙuryar rumfar, inda aka jingine wasu jajayen katako daban.

"Ranar da ya zo ɗaukar injin ya tsaya nan ya zaɓi waɗannan, ya ce in aje mishi. Sun fi haka yawa. Da na ji shiru sai na saida wasu, Allah ya yafe mini."

A kan kowanne akwai alama da alli, zane uku kamar sawun kaza. Na san alamar. Ita yake yi wa duk katakon da ya yarda da shi. Da hannun dama ya yi ta, a tsaye da ƙafafunsa, yana ta ciniki da raha. Na ɗora yatsa a kan allin, kaɗan ya goge ya manne mini. Na juya wa mazan baya na ɗan lokaci, su ma suka yi kamar suna duba wani abu.

Sauran kuma ni na zaɓa. Ma'aikatan Alhaji suna ɗago mini kai ɗaya, ina sa ido ina bin tsawon kamar yadda aka koya mini. Gaskiya wani lokacin duk sai in ga sun miƙe, wani lokacin duk sun lanƙwashe, don idon ba a bushe yake ba. Alhaji bai gaggauta ni ba. Yana tsaye a gefe, in na nuna wanda bai yi ba sai ya ɗan yi tari, in wuce. Na fito da igiyata muka gwada tsawo. Muka ɗauki farin falanki na tebur. Daga nan ya haɗa mu da wani mai kwano a layin gaba, muka sayi kwanon da ƙusa da kwaɗo. Da za mu tafi ya biyo mu har bakin mota.

"Hajiya, ki ce mishi ina gaishe shi. Ki ce mishi in ya tashi ya zo mu yi faɗan da munka saba."

Aka ɗaure katakon a saman taksi, ya zarce gaba da baya, Direba ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa. A bakin gari wani jandarma ya tsayar da mu, ya zagaya motar, ya leƙo ya ga ni kaɗai a baya da kwalin ƙusa a cinya, ya ce mu tafi a hankali. A hankalin muka tafi, motocin siminti suna wuce mu a Malbaza, kwanon yana kuka a saman kanmu duk ramin da muka faɗa. Da la'asar muka iso.

Tun kafin a kwance igiya maigidana ya sa aka fito da shi a kujera. Wannan ne karo na farko da ya yarda ya fito ƙofar gida tun da ya kwanta. Aka riƙa kawo masa katakon ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da hannun hagu, yana sa a ɗaga ya duba. Da aka kawo mai alamarsa sai ya rufe allin da tafin hannu, ya daɗe bai ɗauke ba. Na isar masa da saƙon Alhaji, ya kau da kai. Can aka kawo wani, ya duba, ya sake dubawa, ya ture shi da ƙafar hagu. Ya nuna ni da yatsa.

"Wannan... ke."

"Ni na zaɓe shi, Malam. Ya lanƙwashe?"

Sai ya yi dariya, da rabin baki, har yawu ya zubo masa na goge da bakin zanena. Ban ji dariyarsa ba tun ranar kunun nan.

Rufin sai da kafinta. Direba ya je Malbaza ya zo da wani mutum wanda a hannun maigidana ya koyi sana'ar tun da daɗewa, yanzu shi ma magidanci ne da furfura a gemu, yana aiki a rumfar haya. Da ya ga maigidana sai ya durƙusa a gaban kujerar, ya riƙe hannun da ya mutu da hannu biyu, ya ce, "Maigida."

Aka fara aiki. Mutumin Malbaza yana sama, maigidana yana ƙasa a inuwa, ni ina tsaye tsakaninsu ina isar da magana. Ni da ban taɓa tsayawa cikin maza a ƙofar gida ba, na koma ina ɗaga murya ina cewa a matsar da wancan, a ƙara ƙusa a nan. Mutumin ya iya aikinsa, amma idon maigidana ba ya barin komai. Wani lokaci ya ga an kafa wani katako ba yadda yake so ba, ya fusata, ya yi ta buga hannun kujera, ya furta wata kalma da ba zan maimaita ba.

"Inna, mi ya ce?" in ji mutumin daga sama.

"Ya ce aikin ya yi kyau, amma ka ɗan ɗaga na gabas."

Maigidana ya juyo ya zuba mini ido. Na yi kamar ban gani ba. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Inna, na yi shekaru a hannunshi. Na san abin da ya ce." Ya cire ƙusar ya gyara.

Kafin ruwan farko aka gama. Aka sa ƙofa, aka haɗa teburin aiki da farin falankin, aka kafa shi inda haske yake faɗowa ta hagu. Maza suka ɗauko injin daga ɗakina suka shigar da shi. Maƙwabta suka sake taruwa. Aka ɗauko maigidana da kujerarsa aka ajiye shi a tsakiyar shagon, ya ɗaga kai yana bin rufin da ido, layi bayan layi. Mutumin Malbaza ya ja igiyar gurup, ya danna injin, ƙarar ta cika ɗakin har yara suka toshe kunne suna tsalle.

Sai maigidana ya ce a tashe shi tsaye. Direba ya riƙe shi ta dama, ni ta baya. Aka ɗora guntun katako a kan injin. Ya sa hannun hagu ya fara turawa, katakon ya goce, ya yi tsalle, mutumin Malbaza ya yi wuf ya kashe injin. Wani daga cikin maƙwabta ya ce, "Sannu a hankali, Malam, sai an saba." Bai kula shi ba. Ya nuna rabonsa na goge katako, wanda mariƙinsa ya lotsa daidai yatsunsa saboda daɗewa. Aka kai shi bakin sabon tebur, na danne masa katakon da hannuna biyu. Ya tura. Rabon ya ci ya tsaya. Ya sake turawa, ya yage fuskar katakon. Ya yi ta gwadawa har ƙarfinsa ya ƙare. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Ya ajiye rabon a kan teburin, a gefensa, yadda yake ajiye shi kullum don kada bakin ya dakushe. Ya ce, "Ciki." Wannan kowa ya ji.

Bai sake cewa a kai shi shagon ba. Damina ta sauka, ruwa yana dukan sabon kwanon, ƙofar tana kulle, kwaɗon yana rataye. Da kaka ta yi, masu aurar da ƴaƴa suka fara sallama suna tambayar gado, ina ba su haƙuri. Wata rana yana jin na sallami wata mata, sai ya kira ni. Ya sa hannu ƙarƙashin matashinsa ya ciro makullin shagon, ya miƙo mini.

"Malbaza," in ji shi.

"In ba shi, Malam? Ka tabbata?"

Ya gyaɗa kai, ya juya fuska bango.

Mutumin Malbaza ya ƙi karɓa da farko, sai da Direba ya sa baki. Ya dawo da aikinsa Dogarawa, kuma bai taɓa barin gidanmu ba cefane ba. Kullum da safe sai ya shigo ya durƙusa ya gaida maigidana, ya gaya masa aikin da zai yi ranar, ya nemi shawara ko da ba ya buƙata. Sannan ya fita, jim kaɗan ƙarar injin ta taso ta ratsa katanga. Ina kallon maigidana a lokacin. Wata rana sai in ga yana saurare, har ya ɗan yamutsa fuska in an tura katako da gaggawa. Wata rana kuma sai ya ja bargo ya rufe kansa cikin zafin nan. Na taɓa tambayarsa ko in ce a daina. Ya buga tabarma da ƙarfi, ya ce a'a.

Ya ga wata daminar, bai ga ta bayanta ba. Ciwon ya sake bugunsa wata safiya, kafin Direba ya kawo mota ya cika, kansa a cinyata.

Da na fita takaba, na fara fita unguwa, dole ta gaban shagon nake bi, don ƙofar gidan ke nan. Ranar farko ina sako ƙafa waje sai na ji injin ya mutu. Mutumin Malbaza ya fito yana karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya gaishe ni, ya tsaya har na sha kwana, sannan na ji ya sake tayarwa. Washegari ma haka. Na ce masa, "Kai, ka bar kashe shi saboda ni, kana ɓarnar mai. Ba ya damuna."

"To, Inna," in ji shi.

Har yau bai daina ba. Ni ma ban sake yi masa maganar ba. Ina amsa gaisuwarsa, ba na duban cikin shagon, sai in ɗan ƙara sauri don kada in tsayar masa da aiki.